Shiru a Bakin Get

Masaƙar ta daɗe da rufewa, har an mayar da ita ma'ajiyar siminti, amma ma'aikatanta ba su daina zuwa aiki ba. Sai dai yanzu ta waya suke zuwa. Makanike, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa kwance ƙarƙashin injinan saƙa, shi ya buɗe musu shafi a intanet. Ko kuma a ce autarsa ce ta haɗa, shi yana tsaye a kanta yana ba da umarnin da ba ta bi. Kowa ya yi rajista da laƙabinsa na masaƙa, don da sunan yanka ba mai gane wani. Fili ɗaya shafin yake da shi, abin da ka rubuta kowa zai gani, suka sa masa suna Bakin Get.

Ba wanda ya kafa doka, amma kullum da safe kowa sai ya leƙo ya rubuta "Na shigo", kamar yadda suke buga kati a da. Wanda hantsi ya yi bai shigo ba, a kira shi. In bai ɗaga ba, na kusa da shi ya sa takalmi ya je ya buga ƙofa. Ta haka aka taɓa tsinto Uwar Zare, tsohuwar shugabar masu kaɗi, ta zame a banɗaki ta kasa tashi. Bayan gaisuwa kuma sai tsiya ta ɓarke: wa ya ƙona bel ɗin inji, wa ya yi barci a kan dilar auduga har aka kusa loda shi a mota.

Duk cikinsu ba wanda Bakin Get ya riƙe kamar Rediyo, aminin Makanike tun suna samari. Mutumin da ƙarar injina ba ta taɓa rufe bakinsa ba, yau shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, harshen ya yi nauyi, hannun ya ƙi. Matarsa ke rubuta masa "Na shigo", ta jingina wayar da filo, ya wuni yana karanta mutanensa. Abu ɗaya ya roƙi Makanike tun farkon ciwon: kada a ɓoye masa mutuwar kowa. Ya san halin masu lafiya, da ka kwanta sai su fara tace maka labari. Makanike ya yi masa alkawari.

Uwar Zare ce ta kawo maganar saƙon sirri. Ta ce akwai ciwon da mace ba ta tambayar maganinsa a gaban garken tsofaffin maza marasa kunya. Mata suka mara mata baya, mazan ma ashe kowa da ƙullinsa. Makanike ya so ya ƙi. A masaƙa ba a raɗa, in ma ka yi ba mai ji. Ko bashin gaisuwa kake bin mutum sai ka ɗaga murya duk sashe ya shaida. Amma an fi ƙarfinsa, ya kira auta.

Cikin yini guda ta gama. Ta nuna masa ɗan hoton ambulan a saman shafin.

"Baba, ka danna sunan mutum, ka rubuta, shi kaɗai zai gani. Sai mai rajista ne zai iya aikawa."

"Ni ma ba zan gani ba? Ni da shafina?"

"Ko kai, Baba. Shi ya sa ake ce masa na sirri."

Abin ya karɓu fiye da zato. Waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna suka shirya a ɓoye, ba tare da 'yan kallo sun zuga su ba. Shi kansa Makanike mai adawar, sai ga shi yana murmushi shi kaɗai duk lokacin da jan ɗigo ya fito a kan ambulan. To, wanda ya riga ya gaisa da mutanensa a ɗaki, me zai kai shi get? "Na shigo" ta fara raguwa, yau wannan ya manta, gobe wancan. Ba wanda ya damu, don kowa wayarsa cike take da hira.

Wata ranar da yamma Makanike ya je duba Rediyo. Ɗakin na warin man zafi, labule a sauke, wayar na jingine da filo. Matar ta tare shi a ƙofa.

"Gara da ka zo. Abokinka ya daina cin abinci, ya ce duk baki muka haɗa."

Rediyo bai amsa sallama ba. Ya kafe shi da ido, ya yi ta kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Su wa... suka rage?"

"Kamar yaya su wa suka rage?"

Ya nuna wayar da haɓa. Makanike ya duba. Bakin Get fayau, ba komai sai "Na shigo" ta Rediyo, ta yau a kan ta jiya, ta jiya a kan ta shekaranjiya. Mutumin da ya saba cewa shiru na nufin a je a buga ƙofa, ya kwanta yana kallon mutanensa suna ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, me ake so ya zata? Kunya da tausayi suka rufe Makanike. Ya yi bayanin ambulan, ya rantse kowa na nan da ransa, hira ce kawai ta koma ɗaki.

"Ka yi... alkawari," in ji Rediyo.

"Kuma ban karya ba. Gobe da safe za ka gan su da idonka."

Yana komawa gida ya sa auta ta nuna masa yadda ake tura saƙo ɗaya ga kowa. Ya rubuta: "Rediyo ya ɗauka duk kun mutu. Mai rai ya fito get gobe."

Washegari kuwa get ya cika kamar ranar biyan albashi. Uwar Zare ta rubuta, "Na shigo. Ni zan mutu in bar ka, bayan har yau ba ka dawo min da almakashina ba?" Ɗan Rini ya ce shi mutuwa ma tsoron hannunsa take, kada ya shafa mata shuɗi. Tsiya ta dawo sabuwa. Makanike na zaune a ƙofar gida da kofin shayi, yana dariya yana bin sunaye da yatsa, sai jan ɗigo ya fito a kan ambulan. Daga Mai Jiniya ne, wanda a da yake busa musu jiniyar tashi da shiga.

Ba shi ya rubuta ba.

"Baba, ɗansa ne. Na ga saƙonku a wayarsa. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa tun makon jiya, a ɗakinsa, sai da rana ta yi muka ankara. Mun yi ta zuba ido ko abokan aikinsa za su zo, da ba mu ga kowa ba muka ce ko nisa ne."

Makanike ya ajiye kofin. Babu wani nisa, Ɗan Rini layi biyu ne tsakaninsa da gidan. Kowa ya ɗauka Mai Jiniya na can yana hira da wani, shi ma haka ya ɗauka. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tara su, an kai shi ba ko ɗayansu a bayansa. Ya tashi ya sa hula. Ya nufi gidan Rediyo.

Tun daga tsakar gida ya jiyo wani sauti da ya daɗe bai ji ba, dariyar Rediyo, rabi dariya rabi tari. An ɗage labule. Matar na gefen gado da kwano, fuskarta a sake.

"Ka ga aikinka," ta ce. "Yau har ƙari ya nema."

Rediyo ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama na Makanike ya matse. Idonsa na kan wayar, yana bin sunayen a hankali, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe, ya sake komawa sama.

"Saura... Mai Jiniya," ya ce yana murmushi. "Ka kira shi... ya makara."

Makanike ya jawo kujera kusa da gadon ya zauna, bai saki hannun ba.

"Uwargida," ya ce, "ajiye kwanon nan tukuna."