Layuka Talatin da Ɗaya

Aikin Malama a ofishin ƙididdiga shi ne ƙirga masu fita ƙasar da masu shigowa. Da can da takardun bakin iyaka ake yi, rabi a yage, rabi rubutun ba ya karantuwa. Yanzu kamfanin waya ke turo bayanai duk ƙarshen wata: layi kaza ya bar eriyar waya ta ƙarshe a wannan ɓangaren iyaka, ya ɓulla a ta ƙetare. Ba suna, ba lamba, an share su kafin a turo.

Ƙaninta Auta, mai walda, ya tafi neman aiki ƙetaren kogi ranar sha ɗaya ga wata. Tun daga ranar wayarsa a kashe take.

"Ke da kike ganin wayoyin jama'a, duba min shi mana," in ji Mama.

"Mama, ba haka aikin yake ba. Adadi kawai nake gani."

"To ai shi ma yana cikin adadin."

Da bayanan watan suka iso, Malama ta buɗe ranar sha ɗaya kafin komai. Layuka ɗari huɗu da 'yan kai sun haye lafiya ta gada. Amma a eriyar da ke kallon mashigar kwale-kwale, layuka talatin da ɗaya sun ɗauke da bakwai saura kwata na safe, duk cikin minti guda, kuma ko ɗaya bai ɓulla a ƙetare ba. Ta duba ko eriyar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Ta buga shafin ta kai wa shugaban sashe.

"Caji ne ya ƙare musu," ya ce, yana juya shayi. "Ni ma tawa sau uku take mutuwa a rana, ga ni da raina."

"Mutum talatin da ɗaya a minti ɗaya, ranka ya daɗe?"

Ya daina juya cokalin. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya turo mata.

"Ƙirga aka ce mu yi, Malama. Sa su a rukunin waɗanda ba a tantance ba. Jibi ake jiran rahoton."

Ta sa su. Ta kira injiniyan kamfanin, ta roƙe shi ya duba mata lamba ɗaya tak. Ya ce ta yi haƙuri, sai da takardar kotu, in ya taɓa babu ita, aikinsa ya tafi. Sai ta rubuta wa 'yan sanda wasiƙa da sunanta, ba da sunan ofis ba, ta faɗi rana da lokaci da wurin. Ta san za ta sha tuhuma a wurin aiki, kuma ta sha.

Sati uku tana dawowa gida Mama na kallon bakinta, ita kuma tana cewa, "Ba labari tukuna."

Ranar wata Laraba wani jami'in 'yan sanda ya kira ta. Kwale-kwalen masu haye da mutane a ɓoye ne ya kife, masu shi suka tsere suka yi gum. Masunta na can ƙasan kogi sun binne waɗanda ruwa ya kawo, sun adana kayansu.

A wani ɗaki mai warin laka aka jera kayan cikin ledoji. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A leda ta tara ta ga baƙin gilashin walda, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da jar waya. Ita ta riƙe wa Auta gilashin ranar da yake ɗaurin.

Ta sa hannu ta karɓa. Ta ƙi hawa mota, ta tako da ƙafa har gida. Mama na tsakar gida tana shanya. Ta dubi ledar, ta dubi 'yarta, rigar da ke hannunta ta sulale ƙasa.

"Kira min yayyenki," ta ce a hankali. "Ki fara da babban."