Kitson Sarauniyoyi Tara

Hansai ba ta so zuwa Landan ba. Ɗanta Almu, likita a Tottenham, shi ya matsa ta baro Daura a 1991 don a duba hawan jininta. Ta zo, ta tarar da sanyi, da kuma jika mai suna Turai, ’yar shekara goma sha biyu, wadda ke jin Hausa tsaf amma ba ta mayar da ko kalma guda sai da Turanci. Wannan ya fi ciwon damun tsohuwa.

Duk Asabar takan zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso tara, kamar yadda ita ma tata uwar ta yi mata tana yarinya. Kowane layi da sunan sarauniyarsa, cikin matan da aka ce sun riƙe Daura da kansu tun kafin maza su hau: Kufuru, Ginu, Yakumo, Yakunya, Wanzamu, Yanbamu, Gizirgizir, Innagari, Daurama. Takan ce waɗannan ba matan sarki ba ne, su ne sarakunan. Turai kuwa idonta na kan talabijin, sai dai ta ce ana ja mata gashi.

Hansai ta saduda. Ta gaya wa Almu cewa sunayen nan a bakinta za su ƙare, tunda ’ya’ya mata ba ta da su, jikar kuma ta zama Baturiya.

Ana saura mako biyu ta koma gida, ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke.

Ranar Asabar Turai ta zo asibiti da mataji a aljihu. Ta kwance wa kakarta ɗankwali, ta hau tsaga furfurar nan. Kitson dai abin dariya ne, kowane layi da inda ya nufa. Amma bakin yarinyar na motsi.

“Kufuru,” in ji ta, da harshen ’yan Landan. “Ginu. Yakumo. Wanzamu.”

Hannun Hansai mai lafiya ya cafke wuyan hannunta, ya ƙi saki. Tsohuwa ta zuba mata ido, irin kallon da ake yi wa wanda ya wuce babba bai gaishe shi ba.

Turai ta sake bin sunayen a ranta. Can ta warware layin, ta koma baya.

“Yakunya,” ta ce. “Yi haƙuri, Kaka.”

Sannan Hansai ta sake ta.