Sawun Alfadarai a Garken Crisóforo

Ranar da takarda ta iso cewa za a ƙara tsawon hanyar tarihi ta gangaro kudu har cikin jihar Sonora, Doña Eufemia ko kofinta ba ta ƙarasa ba. Ita ce shugabar ƙauyen Carrizalito, kuma tun tana yarinya take jin kakanni na cewa ayarin farko da ya bi wannan hanya ya nufi arewa, da mata da yara da alfadarai, ta bakin rijiyarsu ya wuce. Can tsallaken iyakar ƙasa an daɗe da kafa wa hanyar alluna, baƙi na ta zuwa. Yanzu wata masaniyar tarihi za ta zo ranar Asabar ta duba ko ta Carrizalito za a ja hanyar, ko ta garin da ke ƙetaren kogi.

Da hannunta ta buga ƙararrawar coci. "Baƙi su zo su ga hanyarmu kamar inda jakuna suka yi kokawa? Ba a zamanina ba!"

Kwana huɗu babu wanda ya zauna. Aka aro motar gyaran hanya, ta kankare tsohuwar turba daga rijiya har gindin tudu, ta ture duwatsu gefe, aka zuba tsakuwa. Itatuwa ma sai da aka shafe su da farar ƙasa. Murna ta hana Eufemia cin abinci, muryarta har ta dushe.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, Don Crisóforo, uban baftismar ɗanta (shi ya sa suke kiran juna compadre da comadre), wanda turbar ta ratsa ta garken awakinsa.

"Comadre, in motar nan ta taɓa shingena, ni da ke sai gaban alƙali."

"Kai dai ka tsufa da taurin kai, compadre! Garkenka kaɗai zai ba mu kunya."

Da ta ga ba zai lanƙwasu ba, sai ta sa aka rataya ƙaton ƙyallen maraba a kan shingen, ya rufe garken ruf.

Ranar Asabar makaɗa suka cika fili, ƙamshin gasasshen nama da gurasar tortiya ya kai har kogi. Masaniyar, Maestra Idalia, wato Malama Idalia, ta sauko daga mota da littafinta, ta yi tafiya kaɗan a kan tsakuwar, ta tsaya.

"Ina tsohuwar hanyar?"

"Ai kina kanta, Maestra!" in ji Eufemia, baki har kunne. "Jiya muka gama."

Idalia ta dafe goshi. "Wayyo, Doña. Duwatsun da kofato ya cinye, su na zo gani. Ba zan iya rubuta abin da ban gani ba."

Kunya ta kama Eufemia har ta rasa inda za ta sa idonta, sai a kan ƙyallen maraba. Ta tattare siket, ta kwasa a guje kamar yarinya, ta fizge ƙyallen da hannu biyu.

Ga Crisóforo zaune a kan bokiti, awaki kewaye da shi. A bayansa turbar ta haura falalen dutse, rami bayan rami, kowanne daidai kofaton alfadari, sun yi sumul don tsufa. Idalia ta tsallake shingen ba ta ko nemi izini ba, ta durƙusa cikin kashin awaki tana shafa ramukan.

"Ga su! Har ina suka kai?"

"Har bayan tudu," in ji Crisóforo. Ya dubi Eufemia. "Amma ki yi a hankali, Maestra. Shugabarmu ta ce abin kunya ne."

"Na ce, compadre, kuma na janye! A gaban kowa na janye!" Tana dariya, hawaye na zuba.

Idalia ta buɗe littafi ta fara rubutu, makaɗa suka ɓarke, fili ya kaure da sowa. Ana cikin haka sai ga wata maƙwabciya ta taho da tsintsiya, wai za ta ɗan gyara wa baƙuwa wurin.

Eufemia ta tare ƙofar garken da jikinta. "Wanda ya ɗauke ko tsinke ɗaya a nan, ni da shi sai gaban alƙali!"