Famfon da Malam Ɗalha Ya Nema

Shekara shida Malam Ɗalha tela ya yi yana nema wa lungunsu ruwa a Yakasai. Matarsa Jummai ta fi kowa sanin haka, domin ita ke wanke masa farar rigar da yake sawa duk ranar da zai je sakatariya, ita ce kuma ke sauraron labari idan ya dawo bai samu ganin kowa ba. Rijiyar gidansu, wadda rabin lungun ke ɗiba, ta fara wari tun da aka haƙa shadda a bayan katanga. Famfon gwamnati kuwa an manta rabon da ya kawo ruwa. Da Malam ya ji a rediyo an fito da wani shiri na haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a unguwannin cikin birni, sai ya rufe keken ɗinkinsa ya bi gida-gida yana karɓar sa hannun magidanta. Takardun a baƙar leda yake ajiye su, ƙarƙashin katifa. Har wurin ya zaɓa, ɗan filin da ke jikin soronsu inda yake shimfiɗa tabarma da yamma, ya ce ya bayar sadaka.

"Ko bayan raina, duk wanda ya yi alwala a nan ina da rabo, kuma za a tuna da ni a yi mini addu'a," haka yake ce mata.

Ita kuwa takan ce, "Ka bari ruwan ya zo tukuna, Malam. Har yanzu a bakinka kaɗai muke sha."

Ranar wata Talata ya rasu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Kwana goma sha tara da rasuwarsa ma'aikatan shirin suka zo.

Jummai tana takaba. Gwaggonta, Inna Gambo, ce ta zo daga Dala ta tare a gidan don taya ta zama, domin 'yarsu ɗaya tilo, Hafsat, tana ɗakin mijinta a Ƙofar Dawanau da ɗanyen jego. Tun ranar farko tsohuwar ta kafa mata doka: ba leƙa soro, ba barin namiji ya ji muryarta, har wata huɗu da kwana goma su cika. Da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida, muryar baƙi, ana tambayar Malam Ɗalha mai takardar ruwa. Jummai ta miƙe da mayafinta a hannu.

"Zauna," in ji Inna Gambo.

"Gwaggo, mutanen ruwa ne. Su Malam yake jira."

"Ko mutanen sama ne. Mijinki bai yi wata a ƙasa ba za ki tsaya gaban maza? Zauna."

Ta zauna. Aminiyarta Ummulkhairi, matar Alhaji Ari mai sayar da shaddoji a Kwari, tana gidan a lokacin, ta kawo musu kunu kamar yadda take yi kullum. Gidansu na bakin lungu, gida na huɗu daga na Jummai, Barebari ne da kakanninsu suka daɗe a unguwar. Shekara ashirin da wani abu suna tare da Jummai, komai na juna sun sani. Jummai ta ɗaga katifa ta ciro ledar ta danƙa mata.

"Ummul, kai wa Alhaji. Ya nuna musu jikin soron nan."

Alhaji Ari ya nuna musu. Suka duba, suka ce wurin ya yi. Amma takardar bayar da fili sai mai fili ya sa hannu, mai fili ya rasu, gado kuma ba a raba ba, 'yan'uwansa biyu suna Legas. Injiniyan ya ce ranar za su rufe jerin unguwanni, idan babu fili mai takarda za a kai rijiyar wani wuri. Mai unguwa ya dubi Alhaji Ari, Alhaji Ari ya dubi ƙofar gidansa, ya karɓi biro ya ba da nasa filin.

Da yamma Ummulkhairi ta dawo ta faɗa mata, tana magana tana kallon ƙasa. Jummai ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri."  Kunun dai har gari ya waye yana nan a rufe.

Kwana uku injin haƙa yana ruri a bakin lungu, ƙarar tana shigowa har ƙuryar ɗakinta. Ranar da ruwa ya ɓullo ta ji guɗar mata. Ranar buɗewa ta ji lasifika, ta ji liman yana sa wa Alhaji Ari albarka, shi da iyayensa da zuriyarsa, jama'a na amsawa da amin. Ta kasa kunne sosai, har ta hana Inna Gambo tari. Ba ta ji sunan Malam ba.

Da ta fita takaba, 'yan'uwa suka zo, ta yi wanka ta sa sabon zane, ta fito zagayen godiya ga maƙwabta. Nan ta gan shi da idonta. Baƙin tanki a kan dogayen ƙarafa, farantan sola huɗu, kawunan famfo shida a jere, an shafe ƙasa da siminti har da 'yar magudana. Jarkoki da bokitai sun yi layi. Ummulkhairi tana zaune a soronsu da mukullin famfon a ɗaure a bakin zanenta, duk matar da ta cika bokiti sai ta leƙa ta ce, "Hajiya, Allah ya saka." Wata mata ta wuce Jummai tana ce wa 'yar'uwarta, "Mu haɗu a famfon Ari."

A nan ta fara jin sunan. Daga ranar kuma ko'ina sai ta ji shi, a bakin mai kayan miya, a bakin masu zuwa gaisuwa, har masu kwatancen gidanta cewa suke gida na huɗu daga famfon Ari. Wata malamar Islamiyya da ta zo yi mata barka da fita ta ƙara mata ciwo ba da niyya ba. Ta ce ai mai takaba tana iya magana da maza daga bayan labule idan akwai lalura, addini bai hana ba. Jummai ta yi ta juya maganar. Da ta fita soro ranar, da ta roƙi injiniyan ya ba su kwana biyu, da ta sa an kira 'yan Legas a waya.

Ta rantse a ranta ba za ta sha ruwan ba. Ta daina zuwa gidan Ummulkhairi, idan za ta fita sai ta bi ta bayan masallaci don kada ta ga tankin. Musa mai kura, wani dattijo ɗan garuwa da ya daɗe yana kawo musu ruwa, shi ta ci gaba da kira. Wata safiya yana juye mata jarka a randa ta ce, "Ruwan nan naka ya yi daɗi kwana biyu, Malam Musa. Ka ga ba sai mutum ya je ƙofar wani ya yi layi ba."

Musa ya yi dariya. "Hajiya, ai na famfon Ari ne. Wa zai tura kura har bakin asibiti ga ruwa a bakin lungu? Wata biyu ke nan shi kike sha."

Ta bar shi ya gama juyewa don ba ta da wani. Amma ranar ko girki ba ta ɗora ba.

Ummulkhairi ce ta gaji da shirun ta shigo, ba sallama mai tsawo, ta ja kujera ta zauna.

"Maman Hafsat, me na yi miki?"

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Yau kuma ni ce Hajiya? To madalla. Na aiko da dambu an dawo mini da kwano a rufe. Na gan ki kina bin bayan masallaci kamar wadda ta yi sata. Faɗa mini."

"Wa zai yi fushi da masu ruwa? Mu da muke ci a ƙarƙashinku."

"Jummai."

Jummai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Takalmi nawa Alhaji ya kashe a hanyar sakatariya? Sau nawa aka bar shi a benci daga safe har la'asar? Malam ya yi shekara shida. Naki ya yi minti biyar da biro. Yanzu kowa ya sha ruwa sai ya ce Ari, kowa ya yi alwala sai ya ce Ari. Ke kina zaune da mukulli ana yi miki addu'a, mijinki da ransa, yana dawowa ya ci tuwo. Ni nawa yana ƙasa, abu ɗaya da ya roƙa a tuna shi da shi, kun ɗauke. Ni da hannuna na miƙa miki ledar."

Idon Ummulkhairi ya kawo ruwa. "Da bai sa hannu ba da an kai shi Dala. Kin fi so a kai Dala?"

"Wallahi wani lokacin na fi so."

Ta faɗa, ta kuma san gaskiyarta ta faɗa. Ummulkhairi ta kwance mukullin daga zanenta ta ajiye a kan tabarma. Jummai ta ture shi da ƙafa.

"Ba mukulli nake so ba. Sunansa nake so."

Sati bai cika ba Alhaji Ari ya kawo mai fenti. Allon shirin an ce ba a taɓa shi, don haka a jikin katangar gidansa aka rubuta, da koren fenti, manyan baƙaƙe na boko da na ajami: Famfon Marigayi Malam Ɗalha, Allah Ya Jiƙansa. Jummai ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ajamin ta bi shi harafi-harafi. Ta tsaya a gaban katangar ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar bakwai. Washegari ta ɗauki bokiti ta shiga layi.

A layin ne ta ji mata biyu a gabanta suna hira.

"Kin ga abin da Alhaji Ari ya yi? Filinsa, katangarsa, fentinsa, amma ya sa sunan maƙwabcinsa."

"Ai irin su Alhaji sun yi ƙaranci. Allah dai ya ƙara masa."

Ranar Juma'a aka ce har a masallaci an kawo shi misali. Famfon kuwa bai canza suna a bakin kowa ba. Rubutun yana nan, mutane na jingina jarkoki a jikinsa.

Bayan wata guda ta je duba Hafsat da jaririya a Ƙofar Dawanau. Da la'asar ta tari adaidaita sahu, wani magidanci mai furfura a gemu yana tuƙi, da mata biyu a baya.

"Ina za ki, Hajiya?"

"Yakasai. Famfon Malam Ɗalha."

Ya ɗan yi tunani. "Ban san shi ba. Ta wajen ina?"

Ta kwatanta masa masallacin, da mai injin markaɗe, da tanki mai sola huɗu.

"Au, famfon Ari. Shigo."

Ta shiga. Tun daga nan har suka ratsa kasuwar Rimi ba ta yi shiru ba. Ta ba shi labarin farar rigar, da bencin sakatariya, da baƙar leda, da kwana goma sha tara. Matan biyu suka daina hirarsu suna saurare. Direban yana kaɗa kai yana kauce wa masu baro. Da ta gama ya ce, "Allahu akbar. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan nan ya zame masa sanyi a kabari." Matan suka ce amin. Jummai ta ce amin ta goge ido da bakin mayafi.

Suka iso bakin lungu. Wani fasinja yana tsaye a gefen titi yana ɗaga hannu, direban ya rage tafiya ya leƙo da kai.

"Dakata in sauke ta famfon Ari, yanzu zan juyo."

Jummai ta sauka. Ummulkhairi tana soro, ta ɗago mata hannu. Jummai ta gyara mayafinta ta wuce ta gaban layin jarkoki, ba ta waiwaya ba.