Ni Ma Ina da Ƙafa

…kuma duk garin Gidan Amumune ba a haifi wanda zai gano ni ba. Ni da na taɓa sayar wa Dauda tunkiyarshi, har ya yi godiya? Ɗingishi ne zai gagare ni? Tsumma a idon sawu, ɗan man shanu, ɗan nishi. Shi ke nan.

Kai ka ja, Maharazu. Tare muke kabu-kabu, yashin hanyar Mayahi ɗaya muke ci, amma kai Allah ya zaɓa ka faɗi da moto. Ƙashin idon sawu ya tsage, har radiyo, hoton ƙashi, aka yi maka a asibitin Tasawa — "ƙaramin ne, na waje" — kana nuna hoton kamar ka dawo daga Makka. Kuma Saudatu… Saudatu mai fura, da nake zarya rumfarta tun da ta fita takaba, ko ƙarin nono ban taɓa samu ba — ita ke ɗauko ƙwarya da kanta. Har zaurenka. "Sannu Maharazu, ya ƙafar?" Ya ƙafar! Ni ba ni da ƙafa?

To ga ni kwance gefenka, na zo dubiya, ni ma da targaɗena. Ga ta ta shigo. Ta dube ni — wallahi ta dube ni! "Ishaƙu, kai ma?" Ni ma, Saudatu, ni ma…

Wa ya kira Baba Zubairu maɗori? Kai ne, ko? Ga murmushin nan a bakinka.

Yana warware tsumman. Ya latsa ƙashin ciki, ya latsa na waje. Ba kumburi. Ya ɗago ya dube ni… tsohon da ya ja ƙafar Sharifu bara, har kasuwa aka ji ihun.

"Wanda bai kumbura ba shi ne mugun. Gocewa ce. Samari, ku danne mani shi."

Hannuwa a kafaɗata. Ya tofa a tafinshi, ya kama dunduniya, bismilla —

Ƙofa. Yaushe na zo ƙofa? Tsaye. Kan ƙafa biyu, tsumma na jan ƙasa bayana… zaure duka dariya, kai har da hawaye, kana dafe da ƙafar taka mai albarka.

Ita ba ta dariya. Tana miƙa maka ƙwaryar. Ludayi biyu ne a ciki… biyu.

Ta zare ɗaya.