Jirgin Jelani da Katangata

Jirgin ya maƙale a ƙofar gidan Jelani da hantsin wata Laraba. Mutum shida na turawa ta baya. Hancin ya leƙo titi, cikin ya ƙi fita.

"Ku dakata," in ji Jelani daga kan tabarma. "Kar ku lanƙwasa man shi."

Ina tsaye a ƙofar gidana. Ban sa hannu ba.

Jelani maƙwabcina ne shekara talatin a Goronyo. Mai walda ne, shi ke gyara mana injin ban-ruwa, mu masu albasa. Shekara tara yana ƙera jirgin sama a tsakar gidansa, da bututun ƙarfe da falankin alminiyam da injin tsohuwar mota. Farfelar da hannunsa ya sassaƙa ta daga icen maɗaci. Tun farko na gaya masa, abin da Allah bai ba fiffike ba, ƙasa ce tasa. Ya yi dariya ya ci gaba.

Kujera ɗaya ya yi wa jirgin, ya kuma faɗaɗa ƙofar gidansa daidai da shi. Bara ya dawo daga asibiti a Sakkwato da ciwon huhu, likita ya ce hayaƙin walda ne. Kwana uku da dawowa ya ɗauki zarto ya tsaga gangar jirgin a tsaye, kamar mai fafe ƙwarya. Sannan ya shigo gidana da igiya ya ɗora a kafaɗuna.

"Mi kaka yi?" na ce.

"Aunawa, Kawu. Kai ka hi kowa hwaɗi unguwar ga. In ya ɗauke ka, ya ɗauki kowa."

"Wa yac ce maka za ni shiga?"

"Wanda yat tashi shi ɗai, wa za ya shaide shi? Kai ko ba ka ƙarya, ko don ka daɗaɗa ma mutum."

Ya ƙulle igiyar ya tafi.

Ɗani uku ya ƙara wa faɗin, ya sa kujera ta biyu. Ya ninka ƙarafan ƙasa don su ɗauki nauyi. Ya ari buhun albasa biyu a wurina ya zaunar a kujerun, ya rataye jirgin da sarƙa a reshen darbejiya, yana matsar da kujerun gaba da baya har hanci da wutsiya sunka daidaita. Ta saman katanga nake kallo. Ban yi boko ba, amma na san aiki in na gan shi. Yana tari, yana zama, yana tashi. Wata takwas.

Komai ya auna, bai auna ƙofa ba.

Ƙofar kuwa ba ta faɗaɗuwa. Dama ɗakin matarsa Larai ne, hagu bangon masallaci. Hanya ɗaya ta rage: katangar da ke tsakaninmu, sai a bi ta gidana a fita fili. Mahaifina ya gina katangar nan da tubali. Kowace shekara ni ke yaɓe ta da hannuna. Ba wanda ya taɓa cire ko ƙasa daga jikinta.

Kowa ya sani. Ba wanda ya dube ni.

Sunka mai da jirgin ciki. Larai ta zo ta durƙusa a gabana.

"Baba, likita ya ce kwanakin ba su da yawa."

"Kwana na Allah na," na ce. Na shiga gida.

Da la'asar na ji ƙarar zarto. Na leƙa. Jelani ya rarrafo gindin jirgin, ya ɗora zarton a kan ƙarfen da ya ƙara. Ya ja sau biyu, zarton ya suɓuce. Ya ɗauka, ya sake suɓucewa.

"Mi za ka yanke?"

"Wurinka, Kawu. In mai da shi yadda yake, ya hita ta ƙohwa."

"Da wane hannu?"

Ya dubi hannunsa.

"An auna kahwaɗata," na ce. "Ba a rage man wuri."

Na ɗauko diga. Ban kira kowa ba. Tubalin farko da ya faɗo, akwai sawun yatsun mahaifina a jikinsa. Na ajiye shi gefe, na ci gaba. Kafin magariba kamu shida sun faɗi.

Ranar Asabar da sassafe munka tura jirgin zuwa faƙon bayan gari, anka ɗaura fukafukan. Lawwali direba ya ɗauki Jelani kamar yaro ya sa a kujera. Na shiga na zauna. Wurin ya ishe ni daidai, ba ragi. Kafaɗarsa na jikin tawa, ƙashi zalla.

"Kawu, ka yi Bisimilla?"

"Tun kahin a haihe ka."

Lawwali ya murɗa farfelar ya yi tsalle gefe. Injin ya kama. Munka fara gudu, tsakuwa na dukan ƙasan jirgin, haƙorana na haɗuwa. Hannun da ya kasa riƙe zarto ya riƙe sandar tuƙi gam. Sai girgizar jirgin ta ɗauke.

Ban rufe ido ba. Wani mai jaki na tsaye gefen faƙon, na ga tsakiyar hularsa daga sama. Na ga inuwarmu ta rabu da mu tana gudu ita kaɗai a ƙasa. Shekara saba'in da shida ƙasa na riƙe da ni, ranar ta sake ni.

Munka sauko da ƙarfi, taya ɗaya ta karkace, jirgin ya juya ya tsaya. Mutane na kabbara. Na fita na koma baya ina bin sawun taya. A wani wuri sawun ya yanke. Faƙo sumul, ba abin da ya taɓa shi. Na taka ina ƙirgawa har inda sawun ya sake farawa.

Da na dawo kan Jelani na jingine da ƙarfe, numfashi na fita da ƙyar.

"Taku nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Da takun wa?"

"Da ƙahwata."

"To hamsin ke nan na sauran mutane." Ya yi murmushi. "Ka shaida?"

"Na shaida."

Ranar Talata bayan azahar ya cika. Allah ya jiƙansa. Ta ɓarakar katangata anka fitar da makarar, don ta fi kusa da hanyar maƙabarta. Ban mai da tubalan ba.

Tun ranar Asabar ɗin na aza dutse a inda sawun ya yanke, na aza wani a inda ya dawo. Ruwan farko ya shafe sawun. Duwatsun na nan, ciyawa ta fara tsirowa a tsakaninsu.