Goma Ta Riga Biyu

"Ke 'Yar Kwamfuta, zo ki ga rashin kunya!" Baba Direba ya ƙwala kira ta taga, yana dariya har da tari. "Na'urar nan ta sa goma gaban biyu!"

Maƙwabciyar tasa ta ajiye wanki ta tsallaka. Tun da likita ya sallamo tsohon direban bas ɗin ya ce ya je gida ya huta, kowa a layin ya gane nufinsa. Shi kuwa sai ya ɗauko buri: ya tara jikokinsa kaf a yi hoto, a jere daga ƙarami zuwa babba. Iyayensu sun turo shekarunsu, amma kowace lamba ta nutse cikin dogon saƙo, tsakanin gaisuwa da addu'a. Da yake rubuta manhajar kwamfuta ce sana'ar maƙwabciyar, ta ce za ta tsamo masa. Ya ƙi.

"Koya mini dai, 'yata. Hannun da ya kwance injin bas ba ya tsoron madannai."

Ta koya masa 'yan layukan umarni: a bi kowane saƙo, a tsinto lambobi, a jera su. Yanzu ga abin da ya fito: 1, 10, 10, 12, 2, 3.

"Baba, haruffa ta ɗauke su, ba lambobi ba. Na farkon kawai take dubawa."

"Kwandastana na da ke nan! Fuska yake kallo ya ba da kujera."

Ta nuna masa kalmar da ke mai da rubutu lamba. Ya danna da yatsa ɗaya, harshe a waje. Biyu ta koma mazauninta. Ya bugi cinya.

"Iya, fito ki ga mijinki ya zama injiniya!"

"Injiniya, sha maganinka," in ji matarsa daga kicin.

Ranar hoton tsakar gida ta cika maƙil. Yana kan kujera yana jera su: "A matsa ciki, akwai wuri!" Tagwaye suka yi ta musun wa ya girmi wani, har mai hoto ya gaji ya ɗauke su baki buɗe.

Ba a jima ba, wata hantsi yana kishingiɗe ana hira, Allah ya karɓi abinsa.

Da maƙwabciyar ta shiga gaisuwa, ta tarar da autar jikokin ta zura ƙafafu cikin manyan takalman kakanta, tana jan su a hankali a kan siminti. Iya na kallonta, ido jiƙe, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.